Kafin Ku Ce An Yi Son Kai: Yadda Ake Bin Diddigin Kuɗin Gyaran Titi a Zariya

Da zarar ruwan Agusta ya kankama, hira ɗaya ake yi a majalisun Zariya, daga Tudun Jukun har Samaru: an gyara layin su wane saboda suna da mutum a sama, mu kuwa an mayar da mu 'yan bora. Ban taɓa ɗaukar wannan magana surutun banza ba. Mutumin da ɗan acaba ya ƙi shiga layinsu da daddare alhali matarsa na naƙuda yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗin suka tafi. Abin da ke damuna shi ne tambayar takan mutu a kan bencin mai shayi. Na daɗe ina riƙe da littafin kwamitin ci gaban unguwarmu da ke bayan ganuwa, kafin nan kuma a aikin hanya na ci abinci, ina jan tef da sandar awo a bayan injiniyoyi. Zan shimfiɗa muku hanyar da muke bi mu gane ko son kai aka yi ko akwai wani dalili, da yadda ake kai kuka inda za a saurare shi.

Titin na wane ne?

Yawancin koken da ke ɓacewa, ofishin da bai dace ba aka kai wa. Titunan ƙasar nan a hannu uku suke. Akwai na tarayya, irin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano da aka ba kamfanin Julius Berger a ƙarshen 2017, da wadda ta bi ta Samaru da Shika ta nufi Funtuwa da Gusau da Sakkwato, da ta Pambeguwa. Gina waɗannan na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, facinsu kuma na hukumar FERMA da aka kafa a 2002. Ko ka kwana a ƙofar ciyaman ba zai cike maka rami ɗaya a kansu ba. Akwai na jiha, waɗanda hukumar titunan jiha, wato KADRA, da ma'aikatar ayyuka ta jiha ke kula da su, ciki har da waɗanda aka yi a shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019. Sai layukan unguwa da hanyoyin ƙauye. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gini da gyaran tituna da layuka da fitilun kan hanya da magudanun ruwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

Ku tuna garin da muke kira Zariya ƙananan hukumomi biyu ne. Cikin birni da Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur da Kufena suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Zariya mai mazaɓu 13. Samaru da Hanwa da Dogarawa da Muciya da Cikaji da Basawa da Bomo suna ƙarƙashin Sabon Gari mai mazaɓu 11. Mutumin Tudun Wada da ya tsallaka Kubanni ya ga sabuwar kwalta ya dawo yana zagin ciyaman ɗinsa, aljihu biyu daban ya haɗa ya yi hukunci.

Akwai kuma ƙofa ta huɗu, wadda a ganina daga ita yawancin zargi ke fitowa: ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya. An saba ware naira biliyan 100 a shekara domin su, ban da waɗanda ake cusawa cikin kasafin hukumomi daban-daban. A nan ɗan majalisa ne ke nuna wurin da za a yi aikin, don haka ko layin na ƙaramar hukuma ne, kuɗin na iya fitowa daga Abuja. Ku je sashen ayyuka a sakatariya ku tambaya: layinmu a rajistar wa yake, wancan da aka gyara kuma wa ya biya? In an kafa allon aiki a bakin titin, ku ɗauki hotonsa tun kafin iska ta kayar da shi. Sunan hukumar da ta ba da aikin da na ɗan kwangila suna jiki.

Ku buɗe kasafin kuɗi

Mutane na tsoron wannan littafi saboda kaurinsa, alhali shafukan da suka shafe ku ba su da yawa. Kasafin jihar Kaduna yana shafin intanet na Hukumar Tsare-tsare da Kasafi ta jiha, na tarayya kuma yana shafin Ofishin Kasafi na Tarayya. Ku sami yaro ɗaya mai natsuwa da ya iya kwamfuta, ɗalibin ABU ko na kwalejin Nuhu Bamalli, ya sauke na shekaru huɗu ko biyar a jere. Na shekara ɗaya ba ya nuna komai. Gwamnati na iya zuba kuɗi a gabas bana ta koma yamma baɗi, kuma wannan ba laifi ba ne. Son kai sai an jera shekaru yake bayyana.

Ya shiga sashen manyan ayyuka ya nemi kalmar Zaria, da Sabon Gari, da sunayen unguwanni ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada rubutu iri-iri, domin masu buga kasafi sukan rubuta sunan unguwa yadda kunnensu ya ji: Muciya kan fito Muchia, Cikaji Chikaji, Gyallesu Gyellesu. A kasafin tarayya kada ya tsaya a ma'aikatar ayyuka kaɗai. Sau da yawa za ka tarar da aikin titin unguwa a ƙarƙashin wata cibiyar bincike ko kwalejin noma da ba ruwanta da kwalta. Lambar aikin takan fara da ERGP, ta aikin mazaɓa kuma da ZIP. Ku kwafe lambar, da ita za ku yi magana nan gaba.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne ɗaukar abu uku a matsayin ɗaya. Kuɗin da aka rubuta a kasafi daban, kuɗin da aka saki daban, aikin da aka yi a ƙasa daban. Layinku na iya fitowa a kasafi shekara bayan shekara ba a saki ko kwabo ba. Idan haka ne, an tuna da ku a takarda, a wajen sakin kuɗi aka tsallake ku, kuma can ya kamata ku sa ido. Jiha na fitar da rahoton aiwatar da kasafi duk bayan wata uku, wanda ke nuna abin da aka kashe a kan abin da aka ware. Haɗa shi da kasafin, sai ka ga wane titi aka fara biya. Ni a wurina jerin waɗanda aka fara biya ya fi jawabin kowane ɗan siyasa faɗin gaskiyar abin da gwamnati ta fifita.

Ƙaramar hukuma ita ce mafi duhu, ita ce kuma mafi kusa da mu. Kason kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da shi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya ba ku ƙafar tsayawa ku tambayi ciyaman da kansila abin da ya shigo da abin da aka ware wa hanya da lambatu. Albashi na cinye kaso mai tsoka, wannan gaskiya ne. To a nuna muku ragowar.

Ku rubuta duk abin da kuka samu a littafi mai layi: sunan titi, mazaɓa, shekara, wanda ya ba da aikin, kuɗin da aka ware, wanda aka saki, halin da titin ke ciki yau.

Awo da tiya ɗaya

Mai sayar da hatsi da ke saye da babbar tiya ya sayar da ƙarama, kowa ya san sunansa a kasuwa. Haka in za ku kwatanta layinku da wanda aka gyara, ku auna su da abu ɗaya, ko da sakamakon ba zai yi muku daɗi ba.

Tsawo shi ne mafi sauƙi, mitar mashin ko taswirar waya ta isa. Sai zirga-zirga. Ku zaunar da samari biyu a bakin kowane titi da littafi, daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, da kuma daga la'asar zuwa magariba, su ƙirga mashin da Keke Napep da ƙananan motoci da tifa da masu tura baro. A yi a rana ɗaya, a lokaci ɗaya, a titunan biyu, sannan a maimaita a ranar da makarantu ke hutu. Ku ƙirga gidajen da ba su da wata mafita sai wannan hanya. Ku rubuta abin da hanyar ke kaiwa gare shi: makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, kasuwa, maƙabarta, masallacin Juma'a, coci, gonaki. Hanyar da motar marasa lafiya ke bi zuwa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika ba ɗaya take da layin da ya ƙare a gidaje goma ba, ko da raminsu ɗaya.

Sai ku ɗauki hoto a tsakiyar damina. Ruwan Zariya kan kai wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, mafi ƙarfinsa a Agusta. Hoton da aka ɗauka a watan Janairu ƙura kawai zai nuna. A tsaya wuri ɗaya, a sa wani gini ko turken wuta a cikin hoton don a gane wurin, a tsoma sanda a ramin don a ga zurfinsa. Ku tambayi 'yan acaba abin da suke ƙarawa idan an yi ruwa, ku tambayi shugaban makaranta ko yara na raguwa a ranakun. Waɗannan su ne harajin da unguwa ke biya ba tare da rasit ba, kuma in an rubuta su suna da nauyi a gaban hukuma.

Kuɗin kowane kilomita ma abin dubawa ne, amma a nan ku yi taka-tsantsan. A ce, don misali kawai, an ba da titi mai kilomita 2 a kan naira biliyan 1, wani mai tsawo ɗaya a kan miliyan 400. Kada ku yi saurin cewa an ci kuɗi. Ku duba faɗinsu. Ku duba ko ɗaya na da lambatun kankare gefe biyu da kwalbatoci, ɗayan kuma babu. Ku duba ko kwalta mai kauri aka shimfiɗa ko feshi aka yi aka watsa tsakuwa. Ku duba ko an biya diyyar gidaje. Ku duba shekara, domin bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a tsakiyar 2023, farashin dizal da siminti da kwalta ya yi tashin da ya sa kwangilar 2021 da ta 2024 ba sa zama a ma'auni ɗaya.

Abin da yake kama da son kai, da wanda yake son kai ne

Akwai abin da na koya a bakin aiki wanda ke da wuyar karɓa ga mai zama a layin taɓo. Wani lokaci za ka ga ana sake shafe titin da bai mutu ba, naka da ya zama kwari an bar shi. Ranka zai ɓaci. Amma titin da ya fara tsagewa, in aka rufe tsagar kafin ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, an cece shi da kuɗi kaɗan. In aka bar shi damina biyu ko uku, ruwa ya jiƙa burjin da ke ƙasa, sai an tone shi gaba ɗaya, kuɗin kuma ya ninka sau da yawa. Injiniyan da ya ce a fara da mai sauran rai bai ci amanar kowa ba. Haka cikin birni, a lungunan Kwarbai ko Ƙaura ko Limancin Kona, inda katanga ke kallon katanga, fitar da lambatu na nufin taɓa zaure da soro na gado, sai maganar diyya ta riƙe aikin shekaru. Kuɗin bashi ko tallafi daga waje kuma sukan zo da sharaɗin irin hanyar da za a yi da su.

Duk da haka son kai yana nan, kuma yana da alamu. Kwaltar da ta taho ta tsaya cak a ƙofar wani gida, gaba da shi kuma makaranta ce da yara ke iyo kafin su shiga. Layi mai gidaje ƙalilan da aka yi wa lambatu da fitila, alhali hanyar da ke ɗauke da unguwa uku ko gireda ba ta gani ba. Titi ɗaya da ya fito a kasafin jiha da na tarayya a lokaci guda. Aikin da ba a taɓa tallata shi ba, sai dai aka wayi gari da katafila. Aikin da aka sauke tifar ƙasa ana saura 'yan makonni zaɓe, aka kwashe injuna bayan an rantsar. Mafi nauyinsu kuwa ita ce mazaɓar da shekara biyar ba ta ga ko kwalbati ba, kuma kowa ya san inda ta jefa ƙuri'arta. Sakamakon zaɓe na kowace mazaɓa ba sirri ba ne, INEC na da shi. Ku jera shi gefe da littafinku. In jerin biyu sun tafi tare shekara da shekaru, kuna da magana. In ba su tafi ba, ku faɗa wa jama'arku haka, ko da ba abin da suke son ji ba ne.

Sashe na 14(4) na kundin tsarin mulki ya ce gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma su gudanar da al'amuransu ta yadda za a lura da bambancin jama'ar da ke ƙarƙashinsu, kowa ya ji ana yi da shi. Ku sa wannan sashe a takardarku.

Akwai abin da ya wajaba mu 'yan Zariya mu faɗa wa kanmu. Garin nan ya fitar da Namadi Sambo, wanda ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2010, sannan mataimakin shugaban ƙasa har 2015. Tun Yunin 2023 Kakakin Majalisar Wakilai, Abbas Tajuddeen, wakilin Zariya ne. Idan ka zauna da mutumin Birnin Gwari ko Kauru ko Sanga, irin kallon da muke yi wa layin su wane shi yake yi wa garinmu gaba ɗaya. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 ce, mazaɓu 255. Don haka ni na daina goyon bayan a je a roƙi babban mutum ya sa baki a yi mana namu. In an yi mana ta wannan hanya, mun ƙara wa abin da muke kuka da shi ƙarfi, ranar da mutuminmu ya sauka kuma mu ne a baya. Abin da ya kamata mu nema shi ne kowace ƙaramar hukuma ta fitar da jerin titunanta bisa ma'auni da aka bayyana, yawan jama'a da zirga-zirga da halin hanya da abin da take kaiwa gare shi, a manna a sakatariya da ƙofar kowane hakimi. In layinmu na goma sha biyu ne, mu san na goma sha biyu ne, mu ga an yi na ɗaya kafin na biyu. Mutane na iya haƙurin jira in suna ganin jerin na tafiya.

Takardar neman bayani

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011, ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. In ta ƙi, dole ta rubuta dalili, kai kuma kana da kwana 30 ka je kotu. Wanda bai iya rubutu ba dokar ta yarda wani ya nema a madadinsa. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta ce ta hau kan kowane matakin gwamnati.

Takardar ta zama gajera, shafi ɗaya. Ku rubuta da Turanci tun da shi ofis ke aiki, amma a karanta wa kwamiti fassararta kafin kowa ya sa hannu. Kada ku sa zagi ko zargi a ciki. Ku ambaci sunan titin da lambarsa a kasafi, ku nemi abubuwa takamaimai: takardar ba da kwangila, sunan kamfani, jimillar kuɗi, tsawo da faɗin aikin, ranar farawa da ta gamawa, abin da aka biya zuwa yau, jaridar da aka tallata aikin, da ma'aunin da aka bi aka zaɓi wannan titi. Wannan ta ƙarshe ita ce tambayar da ba a saba yi musu ba, ita ce kuma tambayarku ta gaskiya.

Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Kada ku baro ofis ba tare da shi ba. Akwai ofishin da ya taɓa ce mana bai ga takardarmu ba, hatiminsu da ke kan kwafinmu ne ya sa aka nemo ta. A matakin jiha akwai hukumar KADPPA mai kula da bayar da kwangila a ƙarƙashin dokar jiha ta 2016, a tarayya kuma BPP a ƙarƙashin dokar 2007. Ku aika musu kwafi.

Inda za a kai kuka

Ku fara daga gida. Mai unguwa, dagaci, hakimi. Ba su ke riƙe da kuɗi ba, amma takardar da ta bi ta hannunsu ba a yi mata kallon hayaniyar samari. In kun zauna gaban hakimi, dattijon cikinku ya yi magana: "Ranka ya daɗe, ba ƙarar wata unguwa muka kawo ba, muna taya su murna. Mun zo ne a nuna mana ma'aunin da aka bi, mu san matsayinmu." Wannan jimla tana buɗe ƙofa, domin kun cire wa kowa tsoron cewa rigima kuka zo da ita. Ga kansila kuwa, ɗan unguwa ne, kun san gidansu: "Honarabul, ga littafinmu, muna so ka gabatar da shi a zaman majalisa, ka kawo mana abin da aka ce." Ku sa masa rana.

Daga nan sai ɗan majalisar jiha na yankinku, ko na Birni ko Kewaye ko Sabon Gari ko Basawa. Majalisar dokoki na da kwamitin ayyuka da na koke-koken jama'a, sashe na 128 kuma ya ba ta ikon bincikar yadda aka kashe kuɗin da ta amince da su. Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe na OGP a 2018, ta kuma fito da tsarin da unguwanni ke rubuta buƙatunsu bisa fifiko don a sa a kasafi, wanda ake kira CDC, da shirin Eyes and Ears na kai rahoton ayyuka. Ku tambayi jami'in tsare-tsare na ƙaramar hukumarku yadda ake cike takardar. Lokaci na da muhimmanci ƙwarai. Ana haɗa kasafi ne daga tsakiyar shekara, a kai majalisa wajen ƙarshenta. Wanda ya kawo kuka a Janairu sai ya jira wata shekara. Daidai lokacin da ruwa ke cin layinku shi ne lokacin da ake rubuta kasafin baɗi, don haka hoton Agusta ya isa ofis kafin Satumba ta ƙare.

In aikin mazaɓa ne aka biya ba a yi ba, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na da sashen bin diddigin irin waɗannan ayyuka tun 2019, ƙungiyar BudgIT mai zaman kanta kuma na da shirin Tracka mai irin wannan aiki. Rediyo na da amfani, amma ku shiga da takarda a hannu, ku faɗi lamba da shekara, kada ku kira sunan mutum da sata alhali ba ku da hujja. Haka a Facebook.

Ku tsare kwamitinku. A sa mata a ciki, su ne suka san wahalar kai yaro asibiti a wannan hanya. A sa 'yan acaba da masu shago, Musulmi da Kirista, 'yan kowace jam'iyya, musamman a Sabon Gari da Samaru da Wusasa inda kowa da kowa ke zaune. Ranar da maganar titi ta koma ta 'yan gari da baƙi, ko ta addini, ta tashi daga hannunku. Kada ku karɓi kuɗin mai daga ɗan takara. Kada ku tare hanya da taya, wanda za ku tsare maƙwabcinku ne mai zuwa neman abinci.

Idan injuna sun iso

A nan kwamitoci da yawa ke kwanciya, alhali nan aikin ya fara. Ruwa ne ke kashe titi a garin nan, don haka ku fara duba lambatu: ina zai zubar, ya kai rafi ko babbar magudana, ko kuwa a ƙofar gidan wani zai tsaya? Titi ya kasance da ɗan doro a tsakiya don ruwa ya gangara gefe. Burji a zuba shi hawa-hawa, ana yayyafa ruwa ana bi da rola, ba a jibge shi lokaci ɗaya a shafe sama ba. Ba a shimfiɗa kwalta ana ruwa ko a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kaurinta a titin gari kan kai santimita 4 zuwa 5 bayan an danne, kuna iya gani a gefen titin. In kun ga ba daidai ba, kada ku yi faɗa da lebura ko direban rola, umarni suke bi. Ku nemi injiniyan hukuma mai sa ido, ku gaya masa, ku biyo da takarda.

Mu ma da namu. Samarin da ke tare ɗan kwangila sai ya ba su na goro, da masu kwasar tsakuwa da dare, da masu zuba shara a sabon lambatu, da mai fasa kwalta ya ja famfo ya bar ramin, duk daga cikinmu suke, kuma kuɗin da suka ci daga kaurin titin ake cire shi. Mai unguwa ya yi shela tun kafin a fara.

Bayan an gama, akwai wa'adin da ɗan kwangila ke da alhakin gyara duk abin da ya lalace da kuɗinsa, galibi wata 6 zuwa shekara guda, kuma hukuma kan riƙe wani kaso na kuɗinsa har wa'adin ya cika. Ku nemi a gaya muku ranar da zai ƙare, ku rubuta ta a littafi. Bayan ruwan farko mai ƙarfi ku zaga titin da ƙafa daga farko har ƙarshe, ku ɗauki hoton duk inda ya tsage ko ya lotsa ko ruwa ya kwanta, ku kai wa hukumar da ta ba da aikin a rubuce, da hatimin karɓa, kafin a sakar masa ragowar kuɗin.